Neman kwantabul na ƙwarai: amsa ga wani Alhaji mai kayan gini a Tawa

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Na daɗe ina sayar da siminti da ƙarfe da kwano a Tawa. Bara na yi NIF, wato lambar mai biyan haraji, saboda wata ƙungiya mai gina azuzuwa ta ce ba za ta sayi kaya a hannuna ba sai da shi. Yanzu suna neman takardar shaidar biyan haraji da faktir mai lamba, banki kuma ya ce in kawo bilan, wato takardar lissafin ƙarshen shekara, kafin a yi maganar bashi. Ɗan ƙanena ne ke rubuta mini littafi. Wani ya ce zai haɗa mini bilan cikin kwana biyu, kuma ya san mutane a gidan lanho, wato ofishin haraji. Ina zan samu kwantabul na ƙwarai, kuma yaya zan gane shi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan fara da mai kwana biyu, domin shi ya fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka. Mutumin da bai ga littafinka ba, bai shiga magazin ɗinka ya ƙirga buhu ba, bai karɓi takardun banki na wata goma sha biyu ba, amma ya yi maka alkawarin bilan cikin kwana biyu, to lambobin daga kansa zai fito da su. Hannun da zai zauna a ƙasan takardar kuwa naka ne. Ranar da masu bincike suka zo, kai za su tarar a bakin shago, shi kuma wayarsa ba za ta shiga ba. Maganar "na san mutane" ma ka ajiye ta gefe guda. Ma'aikacin da ya sani yau ana iya ɗauke shi gobe a kai shi Difa, amma takardar da aka shigar da sunanka tana nan a ajiye.

Yanzu ga asalin tambayarka. A bakin mutane duk wanda ya iya riƙe alƙalami da na'urar lissafi kwantabul ne, ko akanta kamar yadda 'yan'uwanmu na ƙetaren Ƙonni ke cewa. A wurin doka ba haka ba ne. Akwai kwantabul na albashi, wanda ka ɗauka aiki yana zaune a shagonka, irin ɗan ƙanenka. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, ma'aikacinka ne, abin da ya rubuta kai ka rubuta. Sai kuma wanda ya buɗe biro yana riƙe wa mutane daban-daban littafi a biya shi. Wannan doka ta ce sai sunansa na cikin rajistar ƙungiyar ONECCA, wato Ordre National des Experts-Comptables et des Comptables Agréés, wadda aka kafa a Nijar da dokar shekarar 2003, bisa umarnin da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta bai wa ƙasashenta tun 1997. A cikin rajistar akwai daraja biyu. Comptable agréé yana riƙe littafi, ya rufe shekara, ya haɗa bilan. Expert-comptable yana yin wannan duka, kuma yana da ikon bincikar lissafin da wani ya yi ya tabbatar da ingancinsa. Wanda ya kai wannan daraja ya yi dogon karatu da shekarun horo a ƙarƙashin wani ƙwararre, ko dai ta hanyar takardar DECOFI ta ƙasashen UEMOA ko ta makamanciyarta ta Faransa.

To abu na farko da za ka yi mai sauƙi ne, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce maka shi ƙwararre ne, ka tambaye shi lambarsa a rajistar ONECCA, sannan ka sa a duba maka sunan a jerin wannan shekarar, ba na shekara biyar da suka wuce ba. Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ni da kaina ina jin daɗi idan ɗan kasuwa ya yi mini ita, don na san na samu wanda za mu daɗe tare. Amfanin rajistar shi ne, wanda ke cikinta yana da inda za a kai ƙararsa. Ya yi rantsuwa, an ɗora masa riƙe sirrin abokin hulɗa, kuma idan ya ci amana ana iya dakatar da shi ko a soke sunansa, abincinsa ya ƙare. Mai yawo da hatimi a jaka ba shi da abin da zai rasa.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce yawancin waɗannan birori a Yamai suke, tsakaninka da su kuwa tafiyar fiye da kilomita 500 ce. Wannan bai hana aiki ba. Tsarin da na ga ya fi tafiya ga 'yan kasuwar Adar shi ne a raba aikin biyu: yaron gida yana rubuta shige da fice na kullum, yana jera takardu, ƙwararre kuma yana duba su kowane wata, ya yi sanarwar haraji, ya zo da ƙafarsa aƙalla lokacin ƙirgar kaya a ƙarshen shekara. Saboda haka kada ka sallami ɗan ƙanenka. Ka sa a cikin sharaɗi cewa ƙwararren zai zauna da shi ya koya masa yadda ake so a rubuta littafin kuɗin hannu da na bashi da na kaya. Idan yaron yana da kai, cikin shekara guda zai rage maka rabin kuɗin da kake biya a waje. Game da inda za ka fara tambaya, ka leƙa reshen cibiyar 'yan kasuwa, Chambre de Commerce, da ke Tawa, ka tambaye su batun Centre de Gestion Agréé. Wannan cibiya ce da aka tsara don ƙananan 'yan kasuwa da matsakaita, tana riƙe musu lissafi a kuɗi mai sauƙi ƙarƙashin kulawar ƙwararre, doka kuma ta tanadi sassaucin haraji ga waɗanda suka shiga. Ka kuma tambayi abokan sana'arka biyu ko uku waɗanda suka riga ka shiga harkar kwangila. Kada ka tambaye su wa ya fi araha. Ka tambaye su wanda ya taɓa tsaya musu lokacin da aka zo bincike, da yadda aka ƙare.

Kafin ka zauna da kowa, ɗauko takardar NIF ɗinka ka dubi harafin da ke ƙarshen lambar. Idan P ne, kana cikin tsarin harajin dunƙule na ƙananan 'yan kasuwa, wanda muka saba kira patanti. Idan S ne ko R, ka shiga tsarin da ake lissafa haraji a kan ainihin cinikinka da ribarka, S mai sauƙi, R cikakke. Wannan harafi guda shi ke faɗin irin aikin da kake buƙata da nauyin da ke kanka. Iyakar cinikin da ke raba waɗannan tsare-tsare dokar kasafin kuɗi ce ke taɓa ta, kuma kusan kowace shekara akwai abin da ke canjawa, shi ya sa tambayar farko da nake so ka yi wa wanda za ka ɗauka ita ce: me ya canja a dokar bana wanda ya shafi mai sana'a irin tawa? Wanda ke cikin aikin zai amsa maka nan take. Wanda ya fara kame-kame, ka sha ruwansa ka yi masa sallama.

Bari in tsaya kan TVA, harajin da ake ɗora wa mai saye a kan kuɗin kaya, domin a nan na fi ganin masu kayan gini suna faɗawa rami. Babban ma'auninta a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. A ce ka sayo kaya na sefa 600,000 kafin haraji, aka ɗora maka TVA ta 114,000. Ka sayar da su 1,000,000, ka ɗora wa mai saye 190,000. Abin da za ka kai wa gwamnati shi ne bambancin, wato 76,000, kuma ana sanar da shi a biya kafin 15 ga watan da ke biye. Amma 114,000 ɗin nan ba za a cire maka ita ba sai kana riƙe da faktir ingantacce mai ɗauke da sunanka da NIF ɗinka da na wanda ya sayar maka. Idan ka sayi kayan a bakin mota, aka rubuta maka a ɓallen takarda, to 190,000 ɗin gaba ɗaya za ka biya, ribarka ta tafi. Kuskure na biyu ya fi wannan zafi. Kuɗin TVA yana shigowa cikin aljihu tare da kuɗin ciniki, sai mutum ya ga kuɗi sun yi yawa ya ƙara oda. Wannan 190,000 ba taka ba ce tun ranar da ta shigo, ajiya ce aka ba ka. Kwantabul na ƙwarai zai kira ka tun farkon wata ya ce, Alhaji, ware kaza, na gwamnati ne. Wanda bai yi maka wannan kiran ba bai yi rabin aikinsa ba.

Faktir mai lamba da ƙungiyar ke nema shi ne wanda ake fitarwa ta tsarin SECeF na hukumar haraji ta ƙasa, DGI, mai ɗauke da alamar da ake haskawa da waya a tabbatar da shi. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne, duk faktir da ka fitar ta wannan hanya hukumar ta gan shi. Haka nan duk kayan da aka fitar a duwan da NIF ɗinka, a Ƙonni ko a ko'ina, yana rubuce. Haka ma abin da ƙungiya ko ma'aikatar gwamnati ta ce ta biya ka. Aikin masu bincike shi ne su jera waɗannan su kwatanta da abin da ka sanar. Shi ya sa bilan na ƙage, wanda a da yakan wuce, yanzu kama kansa yake yi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙon kowane Ba'adare da na riƙe wa littafi: kada ka ba da aron NIF. Na san yadda abin yake. Ƙanin matarka ne, ko ɗan unguwarku da ya dawo daga Abijan da ɗan jari, ya ce a taimaka a fitar masa da kamiyo guda da lambarka, kunya kuma ba za ta bar ka ka ce a'a ba. Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da kayan masarufi wanda aka aiko wa takardar gyaran haraji. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan jimlar, ya ce mini wallahi tun da yake bai taɓa riƙe rabin wannan kuɗi ba. Gaskiya ya faɗa. Da muka bi takardun duwan ɗaya bayan ɗaya, sai ga motoci bakwai na shinkafa da mai waɗanda ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga shagonsa ba, duk na mutanen da ya yi wa alfarma ne. A idon hukuma shi ya shigo da kayan, shi ya sayar, shi ya ɓoye cinikin. Mun yi watanni muna neman masu kayan su yarda su sa hannu cewa nasu ne. Biyu suka yarda.

A kan bilan kuwa, ga abin da doka ta tsara. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tsarin lissafin da muke bi shi ne SYSCOHADA wanda aka sabunta, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Shekarar lissafi tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba, ana kuma da wata huɗu a rufe ta, don haka ƙarshen Afrilu ne wa'adin kai takardu. Ɗan kasuwar saye da sayarwa wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba yana iya bin ƙaramin tsari mai sauƙi na shige da ficen kuɗi. Ga masu sana'ar hannu iyakar miliyan 40 ce, ga masu aikin hidima miliyan 30. Wanda ya haura sai cikakken tsari. Littattafai da takardun shaida kuma ana ajiye su shekara 10. Harajin riba kashi 30 cikin 100 ne, kuma ko shekara ta zo da hasara akwai mafi ƙarancin abin da ake biya a kan ciniki. Ka lura da watan Afrilu. Biro duk a cike suke a lokacin, wanda ya zo da kwalin takardu ranar 20 ga wata zai biya da tsada, a yi masa aiki cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai rufe maka shekara, tun kafin Disamba ya kamata ku san juna, don ya tsaya a kan ƙirgar kaya.

Ƙirgar nan ma tana da wani amfani da ba kasafai ake faɗa ba. Mutane da yawa da na yi wa aiki sun ce mini sai da aka fara yi musu ita suka san haƙiƙanin abin da za su fitar na zakka, domin kafin nan kintace suke yi. Shekarar zakka da ta lissafi ba ɗaya ba ce, amma wanda littafinsa ke tsaye, kowace rana ya so zai san kayan da ke ƙasa da bashin da yake bi da wanda ake bin sa.

Kana da yara masu lodi da direba da mai gadi? To akwai rajistarsu a CNSS, wato asusun fansho da kula da ma'aikata, da harajin albashi, ITS. Ka faɗa wa kwantabul gaskiyar adadinsu tun ranar farko.

Idan ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi, kada ku tsaya a kan "mun yi magana". Ku rubuta yarjejeniyar aiki, wadda a sana'armu ake kira lettre de mission. A cikinta a faɗi abin da zai yi dalla-dalla: riƙe littafi ne kawai, ko har da sanarwar wata-wata, ko har da albashi da bilan. A faɗi ranar da za ka riƙa miƙa takardu, da kuɗin aiki da lokacin biya, da wanda zai ɗauki tara idan jinkirin daga wajensa ne. A faɗi ko tsayawa da kai lokacin bincike yana cikin kuɗin ko daban ne. A kuma rubuta cewa ranar da kuka rabu zai mayar maka da takardunka duka har da abin da ke cikin kwamfuta. Wannan na ƙarshen ya sha hana mutane barci, don akwai wanda ke riƙe takardun mutum kamar jingina. Kuɗin aiki kuwa yana bin yawan takardu ne da tsarin da kake ciki. Mai faktir talatin a wata ba ɗaya yake da mai ɗari uku ba. Ka nemi farashi a rubuce daga wuri biyu ko uku, kuma wanda ya yanka maka kuɗi tun bai tambayi yawan takardunka ba, ka san bai yi niyyar karanta su ba. Ka guji wanda ya ce a biya shi kaso daga abin da ya "rage" maka na haraji. Irin wannan ciniki yana tura shi ga ƙarya, kuma da sunanka za a yi ta.

Sai maganar kuɗin harajin kansa. Kada ka damƙa wa kowa tsabar kuɗi ka ce je ka biya mini, sannan ka juya baya. Ko dai ka biya da kanka, ko ta banki da sunan kasuwancinka, kuma kowane biya ka karɓi takardar shaidarsa ta hukuma, kitansi, ka adana na asali a wurinka, shi ka ba shi kwafe. Idan ana yi maka sanarwa ta intanet a dandalin e-SISIC, lambar sirrin shiga ta zama kana da ita, lambar waya da adireshin da aka yi rajista da su kuma su zama naka. Takardar shaidar da ƙungiyar ke nema, wadda ake kira ARF, ba ta fita sai hukuma ta ga ba ta bin ka sanarwa ko kuɗi. Mutane da dama a ranar neman ta suke gano cewa abin da suka yi shekara biyu suna bayarwa bai taɓa isa inda aka aike shi ba, ga kwangila tana jira, ga tara ta taru.

Akwai wani gwaji da nake ba kowa shawara ya yi. Takardun haraji da Faransanci ake cika su, ko da yake tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ka ce wa wanda za ka ɗauka ya zauna ya bayyana maka bilan ɗinka da Hausa, layi bayan layi: wannan kayan da ke magazin ne, wannan bashin da kake bin mutane, wannan wanda masu siminti ke bin ka, wannan abin da ka ɗiba ka kai gida. Wanda ya fahimci aikinsa zai iya. Wanda ya ɓuya a bayan manyan kalmomi, ko dai bai gane ba ne, ko ba ya so ka gane. Kuma kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba, ko da wa'adi ya rage awa ɗaya.

Kai ma akwai naka. Kwantabul ba ya ƙirƙiro takardar da babu. Ka raba aljihun shago da na gida, ko da ta hanyar yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kowane wata ne a rubuta. Kuɗin biki da na asibiti da na makarantar yara su daina fita daga akwatin ciniki babu rubutu. Kayan da ka sayo da naira a rubuta canjin ranar, domin littafi da sefa ake riƙe shi. Bashin da ka ba magini ko ɗan kwangila a rubuta shi da suna da rana, ko amininka ne. Kuma ka gaya wa kwantabul komai, har asusun bankin da kake ganin ba wanda ya san da shi, domin gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin mai bincike.

Idan wata rana kasuwa ta bunƙasa ka mayar da ita kamfani irin SARL, akwai matakin da doka ke wajabta naɗa mai binciken lissafi na waje, commissaire aux comptes: idan kamfani ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku, wato jimlar bilan sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ma'aikatan dindindin sama da 50. Shi wannan dole ya zama daban da mai riƙe maka littafi. Ba ka kai nan ba tukuna, na faɗa ne don kada wani ya sayar maka da aikin da ba ka buƙata.

A wannan makon, ka sa ɗan ƙanenka ya tattaro takardar NIF da ta rajistar kasuwanci, da takardun banki tun daga Janairu, da duk faktir na saye da na sayarwa, da kitansin duk abin da ka taɓa biya a gidan lanho, a jera su wata-wata a cikin jaka guda. Da wannan jakar za ka je wurin mutum biyu ko ukun da ka tabbatar da sunansu a rajista. Idan kuma a cikin tattarawar kuka ci karo da wata takarda daga hukumar haraji wadda ba a amsa ba, ita za ka fara ɗora wa mutumin a kan tebur, domin irin waɗannan takardu suna da wa'adin amsa a rubuce a jikinsu, kuma idan ya wuce ana ɗauka ka yarda da abin da ke ciki.